Me ya sa kiran "ku fito ku yi zaɓe" ba ya fito da mutane?

Binta: Salamu alaikum. Duk zaɓe sai an cika rediyo da allunan talla da kiran a je a kaɗa ƙuri'a, ranar kuma rumfuna fayau. A Najeriya kashi 69 cikin ɗari suka fito zaɓen shugaban ƙasa na 2003, a 2023 kuwa kusan kashi 27. Masana, wace hanya ce take aiki?

Malam Habu: Wa alaikumus salam, Malama Binta. Marasa fitowa kashi biyu ne. Akwai mai niyya da wani abu ya tare: ya yi ƙaura, rumfarsa ta yi nisa, ko bai karɓi kati ba. A 2023 mutum miliyan 93 ke cikin rajista, wajen miliyan 6 ba su karɓi katinsu ba. Irin wannan mutumin, taimakon sauya rumfa yake buƙata tun kafin a rufe rajista. Na biyun shi ne wanda ya yanke ƙauna, kuma talla ba ta taɓa shi.

Hajiya Rabi: Gaskiya ne, Malam. An ma gwada hanyoyin. A 1998 Gerber da Green na jami'ar Yale sun yi gwaji a New Haven ta Amurka: zuwa gida-gida a yi magana ido da ido ya ƙara fitowa da kusan kashi 8 cikin waɗanda aka samu, kiran wayar da ake karanto rubutu kuwa kusan bai motsa kowa ba. Idan an je, kada a tsaya a "za ka fita?", kowa zai ce e. A tambaye shi ƙarfe nawa, daga ina zai taso, da me zai je. Gwajin 2008 a Pennsylvania ya nuna irin tambayoyin nan sun ƙara fitowa da kusan kashi 4. Kuma don Allah a daina cewa "ba kowa ke fita ba", mai ji sai ya ɗauka zaman gida ne daidai.

Malam Isa: Mai cewa "an riga an rubuta sakamako" kada a yi masa wa'azi, Hajiya, sau da yawa yana da dalili. A nuna masa zaɓen ɗan majalisa ko kansila, inda tazara takan yi ƙanƙanta. A kuma bayyana masa cewa a rumfa ake ƙirgawa a gaban wakilan jam'iyyu, yana iya tsayawa ya ji adadin da aka sanar, ya kwatanta da wanda ya isa wurin tattarawa.