Gardamar 'yan gida: a bar yara su shiga jakuzin otal ko a hana su?

Auta: Assalamu alaikum 'yan gida. Ku raba mana gardama ni da maiɗakina. Hutun sallar nan mun sauka a wani otal a Abuja. Akwai wurin iyo, a gefensa kuma akwai jakuzi, wannan babban bahon ruwan zafi da ke ta ɓulɓula da kumfa. Na ɗauki ƙaramar, wadda ta cika shekara uku da azumi, na shiga da ita, tana zaune a cinyata. Ba mu jima ba sai ga wani ma'aikaci, wai in fito da ita, ba a yarda ƙananan yara su shiga ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. 'Yata ce, kuma a hannuna take. Ni a ganina ruwan ɗumi bai taɓa cutar da yaro ba, tsirfa ce kawai ta masu kwaikwayon Turawa. Maiɗakina kuma ta ce mutumin ya yi daidai.

Kawu: Wa'alaikumussalam. Ɗana, gaskiyarka. Duk cikinku babu wanda ba a gasa wa jiki da ruwan zafi ba yana jariri, ga Goggonku nan a tambaye ta. Kuma ni da kaina na kwashe ku zuwa Yankari kuna 'yan mitsi-mitsi, kuka wuni a ruwan Wikki har yatsunku suka yi yaushi. Wa ya dawo da ko ciwon kai?

Anti Nas: Kawu, Allah ya ƙara girma, a yi mini haƙuri in sa baki, don abin ya shafi aikina. Ruwan Wikki digiri 31 ne, rani da damina. Zafin jikin mutum kuwa digiri 37. Ka ga ruwan bai kai jiki zafi ba, shi ya sa yaro zai wuni a ciki, ƙarshe ma sanyi zai ji. Jakuzi ana ajiye shi ne daga digiri 38 zuwa 40, ya zarce zafin jiki. Idan mutum ya nutse a irin wannan ruwa har wuya, zafi shiga jikinsa yake yi, ba shi da ta inda zai fita. Gumi ne ke sanyaya mu idan iska ta busar da shi, to a cikin ruwa ina iskar? Babba zai jure na ɗan lokaci. Yaro jikinsa ƙarami ne, fatarsa ba ta da kauri, zafi na cika shi da sauri sosai. Matakin da ruwa ke tsaya wa Auta a ƙirji, ita yarinyar a haɓa yake mata. Kuma ba za ta ce "Baba jiri nake ji" ba. Sai dai ta yi lamo, a zaci daɗi take ji. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta faɗa ƙarara: kada a sa yaron da bai kai shekara biyar ba, kuma kada ruwan ya wuce digiri 40 ko ga babba.

Auta: Ga shi nan, Anti. Dokar Amurka ce. Mu da muka saba da zafin Afrilu?

Anti Nas: Sabo da rana ba ya canza jikin 'yar shekara uku, ƙanena. A zafin Afrilu tana gumi, tana shan ruwa, tana gudu inuwa. A bahon nan duk babu.

Goggo: An ambaci sunana, to bari in ce wani abu. Yaya, da ni da kai ba ma saɓawa, amma yau ban bi ka ba. Gaskiya ne na yi wa 'ya'yan gidan nan wanka da ruwan zafi. Amma sai na sirka, na tsoma gwiwar hannuna na ji. Yaro a kan ƙafafuna yake, ina ɗibar ruwa da hannu ina shafa masa, ban taɓa jiƙa shi a ciki kamar tsumma ba. Kafin ka ce me an gama, an naɗe shi a zani. Ruwan kuma a magudana nake juye shi. Wannan abin na otal, ina tambaya, ana zubar da ruwan bayan kowa ya fito, ko kuwa ruwan da ƙato ya zauna a ciki da safe shi ne jikata ta shiga da la'asar?

Injiniya: Goggo, ba a zubarwa kullum. Famfo ne ke zagayawa da shi, ya bi ta matata, a zuba masa kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya dawo. Idan ana kula da shi yadda ya kamata, ruwa ne mai tsabta. Ni ban ga dalilin tsoratar da mutane ba.

Maman 'Yan Biyu: Injiniya, "idan" ɗin nan taka ita ce matsalar. Bari in ba ku abin da ya same ni bara. Mun je wani wurin shaƙatawa, 'yan biyu suna da shekara takwas lokacin. Sun fi awa ɗaya suna shiga suna fita tsakanin wurin iyo da jakuzin. Na lura da wani layin datti mai maiƙo a bakin bahon, daidai inda ruwa ke tsayawa, kumfar kuma ko an kashe injin ba ta bajewa. Na gani da idona, amma na yi shiru don kada in ɓata musu wasa. Bayan kwana biyu macen ta tashi da ƙuraje jajaye, wasu da ɗan farin kai kamar na ƙuruciya, suna ƙaiƙayi har tana kuka da dare. Abin da ya ba ni mamaki, sun bi zanen rigar wankanta ne sak: ciki, ɗuwawu, ƙarƙashin hannu. Fuska da ƙafa lafiya lau. Na zaci ƙurajen zafi ne, na yi ta barbaɗa hoda. Da muka je asibiti tambayar farko da likita ya yi ita ce ko ta shiga ruwan ɗumi na haya. Namijin kuma kunnensa ne ya kama ciwo, ko taɓa shi ba ya bari a yi. Sai da muka yi kusan kwana goma kafin gidan ya samu barci.

Anti Nas: Wannan ƙwayar cutar Pseudomonas ce, tana son ruwan ɗumi, tana maƙalewa a cikin bututun baho. Rigar wanka na riƙe ruwan a jikin fata, shi ya sa ƙurajen suka bi zanenta. Yawanci suna warkewa da kansu, amma ai yaro ya sha wuya.

Kawu: To ni wanda na gani a wani otal, tun daga ƙofa warin maganin ke dukan hanci. Wace ƙwaya ce za ta rayu a nan?

Anti Nas: Kawu, wannan warin ma shi ne abin gudu. Ruwan da ke da lafiya warinsa kaɗan ne. Idan ya yi ƙarfi har yana sa ido yaji, kulorin ɗin ne ya haɗu da gumi da fitsari da man shafawa, ya zama wani abu daban, ƙarfinsa ya tafi. Zafi da kumfa kuma suna cinye shi da wuri. Shi ya sa abin da ake buƙata a jakuzi ya ninka na wurin iyo sau uku: kashi 3 cikin miliyan a nan, kashi 1 a can. Ga ruwan kaɗan, ga mutane da yawa. Sai ka ƙara da yaro mai nafkin. Nafkin ba ya tare zawo a cikin ruwa, kuma akwai ƙwayar gudawa mai suna Cryptosporidium da ke iya yin sama da mako guda a ruwan da kulorin ɗinsa ya cika. Yara kuwa kun san su, sai sun kurɓa.

Yaya Babba: Yanzu na tashi na tarar da saƙonni. Auta, ni maganar zafi da ƙuraje ba su ne suka fi tayar mini da hankali ba. A nan Amurka akwai doka da aka sa wa sunan wata yarinya, Virginia Graeme Baker, jikar James Baker wanda ya taɓa zama sakataren harkokin wajen ƙasar. A 2002, tana da shekara bakwai, ta shiga jakuzi a gidan da suka je biki. Yarinya ce da ta iya iyo sosai. Ramin da famfo ke zuƙar ruwa a ƙasan bahon ya kama ta ya manne. Mahaifiyarta ta shiga ta ja iya ƙarfinta, ta kasa. Sai da maza biyu suka haɗu suka ja har murfin ramin ya karye, amma rai ya riga ya yi halinsa. Uwar ce ta yi ta fafutuka har aka sa hannu a dokar a Disamban 2007, wadda ta tilasta wa wuraren wanka na jama'a sa murfin da ba ya kama jiki ko gashi. Ka ce 'yarka a hannunka take. Ita ma waccan uwarta na wurin.

Goggo: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya tsare mana zuri'a.

Injiniya: Amin. Amma Yaya, a yi adalci. Na zamani murfinsu mai tudu ne, yawanci kuma rami biyu ake yi, idan an toshe ɗaya ɗayan ya ci gaba da ja, ƙarfin ya ragu. Ba kowane baho ne tarko ba.

Yaya Babba: Na yarda. Amma dokar ta Amurka ce, iyakarta nan. Wanda Auta ya shiga, wa ya san shekarar da aka kafa shi? Kumfa ta rufe ƙasan, ko murfin ya fashe ba za ka gani ba. Ni abin da nake yi, in sa a kashe kumfar in leƙa da idona, in kuma tambayi inda makashin famfon yake. 'Yan mata masu dogon kitso su ne abin ji, yara kuma babu abin da suke so kamar gasar nutso.

Kawu: Kun taru a kaina. To shi ke nan, yara su tsaya a waje, mu manya mu shiga mu gasa ƙashi.

Anti Nas: Kawu, a nan kuma kai nake ji wa tsoro fiye da jikokinka. Akwai cutar huhu da ake kira Legionnaires, ƙwayarta a tururin ruwan take, shaƙa ake yi. Ba ta cika kama yara ba. Waɗanda suka haura hamsin take kayarwa, da masu shan taba, da masu ciwon huhu ko suga. A 2019 a jihar North Carolina, a wani bajekoli aka jera jakuzi don talla. Fiye da mutum 130 suka kamu, huɗu suka rasu, kuma mutane ne da suka zo kallon kaya, ba wanka ba. Ga hawan jininka, ruwa mai zafi na sauke jini farat ɗaya, mutum ya miƙe jiri ya kwashe shi. Batun gargajiya kuma, ban raina ta ba. Amma ko wankan jego, likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka lura cewa yawan zafin nan, da kwanciya a gadon wuta, da kunun kanwa, suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Goggo: Wannan kuma maganar wata rana ce, 'yar nan. Mun yi arba'in ɗinmu mun tashi garau. Amma na san waɗanda suka kumbura, ban musa ba.

Injiniya: Ni har yanzu inda na tsaya: ƙasa da biyar, na sallama. Amma ɗana mai shekara goma sha ɗaya ba zan hana shi ba. Idan aka hana yaro komai, ranar da ba ka nan zai shiga, kuma bai san ƙa'ida ba. Gara ya koya a gabana.

Maman 'Yan Biyu: Nawa takwas gare su, kuma ina tsaye a kansu.

Injiniya: Kin ce kin ga datti kin yi shiru, kuma sun fi awa. Ba laifi nake ɗora miki ba, Allah ya sani, amma da minti biyar suka yi a ruwa mai kyau da labarin ya bambanta.

Maman 'Yan Biyu: Wataƙila. Ni dai nawa sun gama da shi sai sun mallaki hankalin kansu.

Anti Nas: Ku biyun ba zan raba muku ba, don kowa na da hujja. Wanda zai bar babban yaro, to ya zama yana iya tsayawa a tsakiyar bahon kansa a waje. Ya zauna a matakin sama, ƙirji a waje, minti biyar zuwa goma ya fito ya sha ruwa. Babu nutso, a ɗaure gashi. Mai gudawa ko buɗaɗɗen ciwo kada ya shiga. Da an fito a cire rigar a yi wanka da sabulu. Ruwan da ba ka hango ƙasansa idan kumfa ta lafa, ko gefen bahon na santsi a hannu, a haƙura da shi.

Auta: Anti, akwai abin da ban faɗa ba. Da na fito da ita fuskarta ta yi ja, jikinta ya saki, ta kwantar da kai a kafaɗata. Ta shanye robar ruwa guda, ta yi barci tun la'asar har bayan magariba. Na ɗauka gajiyar wasa ce. Maiɗakina tun a lokacin ta ce zafin ne.

Anti Nas: Ta yi amai? Fitsarinta fa, da cin abinci?

Auta: Babu amai. Da ta tashi ta ci tuwo, tana ta wasanta. Yau kwana huɗu.

Anti Nas: Alhamdulillah. Ka duba mata ciki da ɗuwawu yau da gobe, ka ɗan ja kunnenta a hankali ka ga ko za ta yi kuka. In ka ga ƙuraje ko zazzaɓi ku je asibiti, ka kuma gaya wa likita inda ta shiga.

Auta: To Anti. Har yanzu dai ban ji daɗin yadda mutumin ya yi mini magana a gaban mutane ba. Amma zan ba maiɗakina haƙuri.

Kawu: Ka ba ta. Hutu mai zuwa kuma a haɗa mota a tafi Yankari, ni zan sayi mai. Ƙanana su tsaya can ƙasa inda yashi yake, kada kowa ya kai su bakin dutsen, wajen akwai zurfi.