Mutanen Jos, wa aka taɓa ɗaukar camama, wato fim ɗin barkwanci, a wurin sana'arsa? Ku zo mu ji

Mai shayin Gangare: Salamu alaikum 'yan uwa. Bara cikin tsananin sanyin Disamba wasu samari suka zo teburina da kyamara ɗaya, suka ce aron wuri suke so na awa biyu. Ko takarda ba su riƙe ba. Daraktan ya ce wa ɗan wasan: an ci maka bashin shayi na wata uku, ga wanda ya ci bashin nan tafe, ka san yadda za ka yi da shi. Labarin ke nan duka. Yaron ya ɗaga kofi zai sheƙa shayi, rabi ya zube a ƙasa. Na karɓa zan nuna masa, sai suka ce Baba tsaya nan, kai za mu ɗauka. Wallahi abin da na gaya wa mai bashin nan, magana ce da na shekara ina haɗiyewa. Har hannuna rawa yake yi.

Kanike daga Dilimi: Mu ma an yi a garejinmu. Ƙarar janareta da hon suka sa aka maimaita sau huɗu, kuma kowane karo magana daban ke fitowa, tunda ba wanda ya haddace komai. Na ukun ya fi daɗi, shi ne kuma sautinsa ya lalace.

Uwargida, Unguwar Rogo: Ni kallo ne nawa. Maigidana Keke Napep yake ja, fim ɗin falo da manyan motoci ba ya zama ya kalla. Amma camama, tun zamanin marigayi Ibro, Allah ya jiƙansa, sai ya yi ta nuna allo yana cewa wannan fasinjan ai na ɗauke shi jiya. Da Ibro ya rasu a 2014, maigidan yini ya yi bai fita aiki ba.

Ɗan dako, Farin Gada: Baba mai shayi, kai an biya ka? Ni kwandon tumatir na ɗauka na sauke sau shida a gaban kyamara, na rasa lodi biyu. Suka ce naira dubu uku in an gama. Yanzu a Facebook nake ganin kaina, mutane na dariya, ko sisi ban gani ba.

Mai shayin Gangare: Ɗana, kuɗin ƙwai takwas da burodin da suka ci kawai suka ba ni. Amma mai bashina na gaske ya ga bidiyon a wayar wani, washegari da asuba ya kawo rabi.