Wace kalma za mu ba "arena" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni neman suna. Ginin da nake nufi shi ne irin Dickies Arena da ke Fort Worth a jihar Texas ta Amurka, wanda aka buɗe a 2019. Rufi gare shi, kujeru sun kewaye tsakiyarsa hawa-hawa, kuma in mawaƙi ya zo yana cin mutum wajen 14,000. Daga Janairu zuwa Fabrairu sai a jibge ƙasa a tsakiyar saboda gasar hawan bijimai da dawakai, kujerun su koma wajen 9,300. Da an gama a kwashe ƙasar, a shimfiɗa katako a buga ƙwallon kwando.

"Filin wasa" dai ya riga ya yi mai shi. Da an faɗa, hankali sai ya tafi na Sani Abacha a Kano ko na Ahmadu Bello a Kaduna, inda ake taka leda a sarari.

Wani malami ya kawo shawarar "dandali". Allah ya ƙara basira, amma dandali sarari ne na gari, ba ƙofa ba tikiti, ga shi kuma Facebook da 'yan uwansa sun riga sun kwashe kalmar. Wata Hajiya kuma ta ce "zaure". Zaure wurin zama ne a tattauna, shi ya sa ya dace da majalisa. Wa zai saki bijimi a zaure?

Ni "fage" ta fi kwanta min. Muna da fagen dambe da fagen kokawa: wuri ne da aka share, 'yan kallo suka yi masa zobe, gwanaye suka shiga tsakiya, kuma makaɗi ma a nan yake baje kolinsa. 'Yan uwanmu na Nijar sun fi kowa sanin wannan, don wuraren da ake gasar kokawar gargajiya ta neman kyautar takobi su ake kira "arène" da Faransanci. Abin da ya rage mana rufin ne kawai.

Da fari "rufaffen fage" ya zo a rai, sai dai mai sauraro zai iya ɗauka hukuma ce ta garƙame wurin. Saboda haka ina ganin mu tsaya a kan "fage mai rufi", jam'i "fagage masu rufi". A gwada a labari: fage mai rufi na Fort Worth ya cika maƙil daren jiya.

Saura "rodeo", wato waccan gasar hawan bijimai da dawakai. In aka rubuta "rodiyo", rabin masu karatu rediyo za su gani. "Hawan ƙaho" kuma na mahauta ne, su da ke tunkarar bijimi ta gaba. Shi ɗan Texas a gadon baya yake zama, hannu ɗaya riƙe da igiya, sai ya yi daƙiƙa 8 kafin a ba shi maki. Na ajiye "gasar makiyaya" a riƙon ƙwarya, mai wadda ta fi ta ya kawo.