Me ya karya ƴan matanmu a zango na huɗu?

Ƴar Birni:
Assalamu alaikum. Jiya na kalli wasan ƙwallon kwando na ƴan matan makarantarmu a nan Damagaram. Suna gaba har ƙarshen zango na uku, amma a mintuna 10 na ƙarshe aka fi ƙarfinsu. Shin matsalar daga kai hari take ko daga tsaron gida?

Malam na Zango:
Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Daga tsaro take. Sun tsaya biyu gaba uku baya, suka cunkushe ƙarƙashin kwando, suka bar kusurwoyi fayau, alhali duk ƙwallon da ta shiga daga bayan layin mita 6.75 maki 3 ce. Da idona na ga doguwar ƴar wasanmu tana kallon ƙwallo maimakon ta tare abokiyar karawarta da baya, kuma duk sanda baƙin suka sake cafke ƙwallon da ta taɓa bakin kwando, sabbin daƙiƙa 14 ake ba su su sake jifa.

Tsohuwar Ƴar Wasa:
Gaskiya ne, Malam, amma harin ma ya yi gaggawa. Suna da daƙiƙa 24 na yin jifa a kowane hari, sai su yi jifa tun kafin ƙwallo ta zagaya hannu uku, sannan su koma gida da gudu suna haki.