Shawarwari kan musayar bayanai tsakanin cibiyoyin kiran gaggawa da kamfanoni

A tattaunawar da aka yi kan wannan batu, abin da aka fi daɗewa a kai shi ne tsarin saƙon da kamfani ke aika wa cibiya. Idan sai ma'aikacin kamfanin ƙararrawar tsaro ya buga waya ya karanto adireshi, lokaci na tafiya, kuma lambar gida kan sauya tsakanin baki da kunne. Shawarar ita ce kwamfuta ta tura wa kwamfuta, da gurabe iri ɗaya ga kowa: wuri, lokaci, abin da ya faru, da lambar da za a sake kira. An kawo misalin eCall na Tarayyar Turai, wanda ya zama dole ga sababbin samfuran motoci tun 2018. Mota na yin haɗari, da kanta take kiran lambar gaggawa ta 112 ta aika inda take.

An ce kuma cibiya ta riƙa mayar da amsa cewa saƙo ya iso. A ganina nan ne aka fi sakaci, domin kamfani kan ɗauka taimako na hanya alhali ba wanda ya tashi.

Bayanan lafiyar mutum kuwa, a aika abin da mai ceto ke buƙata kawai. Layin waya ma kada a cire shi, saboda ranar da intanet ta yanke.