Neman mai walda: rumfar mota mai naɗewa

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na zana wata rumfa da za a ɗaura a gefen kariya (ƙarfen ɗora kaya na saman mota) ta Hiace ɗina, in mun je shaƙatawa magangarar ruwan Assop ko duwatsun Shere a ja ta a samu inuwa, in an tashi a naɗe. Idan ta yi kyau ina so in riƙa yi ina sayarwa. Wa ya san mai walda na kirki da zai yi min ta gwaji?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Baƙin ƙarfe ko alminiyam?

Baban Khalifa: Alminiyam, saboda nauyi.

Injiniya: To ba kowane mai walda ba. Injin bakin titi ba ya kama alminiyam da kyau, sai mai aiki da gas ɗin agon. Ko ka haƙura da walda, ka haɗa da noti da ribit.

Alhaji na Rikkos: Ƙanena, saurare ni kafin ka kashe ko sisi. Bara na ba wani aikin kariyar da zan ɗora sola da jarkoki. Na miƙa masa takarda, ko awon motar bai ɗauka ba, ya ce ya gane. Ya yi da fayif mai kauri, sai da mutum uku suka ɗaga ta. Ya huda rufin wuri huɗu, bai sa roba ba. Ka san ruwan Jos, damina na sauka ruwa ya riƙa ɗiga kan kujerar yara, tsatsa ta zagaye kowane rami. Ranar da muke gangara Hawan Kibo iska ta shiga ƙarƙashi, na ji ƙas, walda ɗaya ta ɓalle, ga tirela a bayana. Har yau abin na raina. Ka fara da fayif na roba da katako, ka buɗe ka naɗe sau hamsin a tsakar gida. Kuma kada ka yarda a huda rufi, Hiace tana da kwata a gefe, a nan ake matsewa.

Maman Ummi: Subhanallahi, Allah ya tsare gaba Alhaji.

Sani Gareji: Ku zo Farin Gada kawai.

Oga Bala: Wace Farin Gada? Kayan ai a Dilimi suke.

Sani Gareji: Yaya Bala, kaya daban, hannu daban.

Maman Ummi: Tampol ɗin fa? Ka kai wa masu ɗinkin kujerun mota, keken tela ba zai ja shi ba. Kuma a karkata shi kaɗan, in ba haka ba ruwa zai kwanta a tsakiya.

Injiniya: Gaskiya ne Hajiya. Sannan kada ka baza hoton zanen. Akwai ofishin rajistar ƙirƙira a Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki, ka fara leƙawa can.

Oga Bala: Wai tafiyar Yankari tana nan kuwa bayan Sallah?

Alhaji na Rikkos: Tana nan in sha Allah. Baban Khalifa, kawo motar gidana ranar Asabar bayan La'asar, ka taho da tef ɗin awo.