MVP na NBA: yawan maki ake dubawa ko nasarar ƙungiya?

Sani Tudun Wada:
Salamu alaikum 'yan uwa. Musu ake ta yi a filin ƙwallon kwando na Murtala Square kan kyautar MVP, wato gwarzon ɗan wasan shekara, a gasar NBA ta Amurka a kakar 2024/25. Nikola Jokić na Denver ya gama da matsakaicin maki 29.6, ribawun (cafke ƙwallon da ta kuskure raga) 12.7, da bayar da ƙwallon ci 10.2 a kowane wasa, amma Shai Gilgeous-Alexander na Oklahoma City aka ba kyautar. Wai da wane ma'auni ake aunawa?

Koci Barnawa:
Wa alaikumus salam. Fara da yadda ake zaɓen. 'Yan jarida 100 ke kaɗa ƙuri'a, kowa ya jera mutum biyar: na ɗaya maki 10, sai 7, 5, 3, da 1. Ana rufe zaɓen da zarar an kammala wasanni 82, kafin a shiga zagayen fidda zakara. Shi ya sa Dirk Nowitzki ya karɓi kyautar a 2007 bayan Golden State sun riga sun yi waje da ƙungiyarsa Dallas a zagayen farko.

A batunka, Oklahoma City ta ci wasa 68, Denver 50. Tazarar wasa 18 ba abin wasa ba ce. Kuma Shai ba baya ba ne, shi ya fi kowa zura maki, 32.7. Idan lambobin mutum biyu suka yi kusa, teburi ke raba gardama. Mutum 71 suka sa shi a farko, 29 suka sa Jokić.

Maman Hanif:
Koci, ai teburin ma ba doka ba ne. Westbrook ya ɗauka a 2017 alhali ƙungiyarsa ta shida ce a rukunin Yamma da nasara 47, don ya yi goma-goma a fanni uku har sau 42, ya karya tarihin Oscar Robertson. Jokić kansa ya ɗauka a 2022 daga matsayi na shida, bayan abokin wasansa Jamal Murray ya shafe kakar gaba ɗaya yana jinya. Wato masu zaɓe na tambaya: a cire shi, me ya rage? Kan haka Steve Nash ya ci a 2005 da maki 15.5 kacal, saboda Phoenix ta tashi daga nasara 29 zuwa 62 da zuwansa. Ni abin da ke ba ni haushi shi ne, abin da ya burge su ga Westbrook ya zama ruwan dare da Jokić ya maimaita shi. Ido ya saba.

Ɗan Kawo:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Oscar ɗin ma bai ci ba a 1962 da ya kafa tarihin, haka Wilt Chamberlain mai maki 50.4 a shekarar. Bill Russell aka ba, lokacin 'yan wasa ke zaɓe da kansu.

Ga wani tarko da kuka tsallake: tun kakar 2023/24, sai ka buga aƙalla wasa 65 kafin sunanka ya shiga, kuma wasan da ka buga ƙasa da minti 20 galibi ba ya shiga lissafi. Embiid na zuba sama da maki 34 a kakar, amma ciwon gwiwa ya sa wasa 39 kacal ya buga, ko ƙuri'a ɗaya ba a iya ba shi ba. Malam Sani, in za ku ci gaba da musun, ku fara ƙirga wasannin da mutum ya rasa. Ya wuce 17, galibi an rufe babinsa.